Sau Biyu Na Nemi Gurbin Digirin Digirgir a Ilimin Sinadarai

Karo na farko da na nemi gurbin digirin digirgir a ilimin sinadarai ya ƙare ne da wasiƙu biyar na ban haƙuri, waɗanda suka riƙa shigowa ta imel ɗaya bayan ɗaya tsakanin Fabrairu da Afrilu. A lokacin na gama digiri na farko a nan Kumasi, na yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya ina taimaka wa malamai a ɗakin gwaje-gwaje, sannan na yi digiri na biyu a kan auna zaiba a lakar kogi. Sakamakon jarrabawata ba abin kunya ba ne, saboda haka na ɗauka abin da ya rage kawai shi ne in buɗe jerin manyan jami'o'in duniya a intanet, in tsinci biyar daga sama, in biya kuɗin fom. Yawancin jami'o'in Amurka kan karɓi dala 50 zuwa 100 a kan kowane fom, kuma duk wanda samunsa da sidi, kuɗin Ghana, yake ya san nauyin wannan lissafi. Daga adashin mahaifiyata aka cika kuɗin.

Wanda ya nuna mini inda na kauce bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Kawuna makanike ne a Suame Magazine, unguwar garejojin nan da duk mai mota a Ghana ya sani. Da na je yi masa ƙorafi, sai ya goge hannunsa ya ce, "Ɗana, wane ne maigidan da za ka zauna a ƙarƙashinsa a can?" Na ambaci sunan jami'a. Ya ce, "Na tambaye ka mutum, ka ba ni sunan gari. Idan aka kawo mini yaro koyon aiki, ubansa ba ya tsayawa karanta allon bakin gareji. Abin da yake son ya sani shi ne ko ina da kayan aiki, ko motoci suna shigowa, da kuma inda yaran da na yaye suke a yau." Na yi shiru, domin a uku daga cikin jami'o'in nan biyar ko sunan farfesa ɗaya ban riƙe ba. Abin da ya ƙara ba ni kunya shi ne a Zango na tashi, inda mai neman nahawu ya san zauren da zai nufa, mai neman fiƙihu ma ya san nasa.

Daga nan na fahimci cewa digirin digirgir a wannan fanni koyon sana'a ne a hannun mutum ɗaya, sai dai kowace ƙasa da hanyar da take kai ka wurinsa. A Amurka sashen sinadarai ne ke ɗaukar ɗalibi, yawanci a rufe karɓar fom a Disamba ko Janairu, a fara karatu a Agusta ko Satumba, ɗalibin ya zaɓi malaminsa cikin shekarar farko, karatun kuma ya ɗauki shekara 5 zuwa 6. A ka'ida ana ɗauke masa kuɗin makaranta, a biya shi alawus a kan koyar da ƙananan ɗalibai ko aikin bincike. A Jamus galibi sai ka sami farfesan da ya amince da kai tukuna, kuma hukumar DAAD da ke ba da tallafin karatu tana da ofishi a Akra. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, akwai kuma tallafin Commonwealth ga wanda ya dace. A ganina, gurbin da aka ba ka a ƙasar waje ba tare da tallafi ba, a wannan fanni da kowane gwaji ke cin kuɗi, ƙi ne cikin ladabi, kuma bai kamata a sayar da filin gado saboda shi ba.

Wurin da na fi daɗewa a karo na biyu shi ne takardar bayyana manufa. Ta farko na buɗe ta da cewa tun ina yaro nake ƙaunar kimiyya, maganar da nake kyautata zaton masu tantancewa sun gaji da karantawa. Ta biyu kuwa da lakar kogin Offin na fara ta. Masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamsey, suna zuba zaiba a kan ƙasar da suka wanke don ta kama zinariya, sai su ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi tururi, zinariyar ta rage. Wadda ta zube a ruwa tana kwantawa a laka, kuma a can, inda iska ba ta kaiwa, wasu ƙwayoyin bakteriya suna juya ta zuwa nau'in da masana ke kira metilmakuri. Shi ne ke taruwa a jikin kifi, babba ya ci ƙarami gubar ta ƙaru, har ta iso kwanon miya, kuma shi ne ya haddasa cutar da aka gano a garin Minamata na Japan a 1956, wadda yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 ta ɗauki sunanta. Aikina na digiri na biyu jimillar zaiba kawai ya auna. Na san yawanta a laka, amma ban san kashi nawa ne ya riga ya zama guba mai shiga kifi ba, alhali wannan ita ce tambayar da ta shafi mai sayen kifi a kasuwa.

Da tambayar ta fito fili, ita da kanta ta yi mini zaɓi. Rarrabe nau'o'in zaiba yana bukatar na'urar da za ta ware su tukuna, a haɗa ta da wata mai iya auna abin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan ba, kuma ba kowane sashe ne ke da su tare da wanda ya iya sarrafa su ba. Sai jerina ya tashi daga sunayen jami'o'i ya koma sunayen mutum bakwai, ɗaya ne kawai daga cikinsu yake jami'ar da Kawu zai iya cewa ya taɓa jin sunanta. A nan ne kuma na tuna da gida, wanda a karon farko ko kallonsa ban yi ba, kuma raini ne ba wani abu ba. Jami'ar Ghana da ke Legon tana nan tun 1948, KNUST, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, ta fara a matsayin kwaleji a 1952 ta zama jami'a a 1961, kuma a Kwabenya Hukumar Makamashin Nukiliya tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ake auna ƙarafa da ita a ƙasa, abinci da tsirrai. Da jimillar ƙarfe nake nema, da ba ni da dalilin ƙetare teku.

Kafin in rubuta wa kowane malami sai da na karanta abin da ya wallafa a shekaru uku na baya, ina lura da ko sunayen ɗalibansa ne ke zuwa farko, da kuma layin godiya na ƙarshe, inda ake ambaton masu ba da kuɗin binciken. Wasiƙar ba ta wuce sakin layi uku ba, kuma a cikinta na faɗi kuskurena ƙarara: wasu samfuran ruwan da na ɗebo a aikina na baya ban zuba musu asid a kan lokaci ba, don haka ba na amincewa da alƙalumansu. Na yi fargabar wannan jimla za ta rufe mini ƙofa, sai ga shi a kanta mutum biyu suka fara ba ni amsa. Bayan haka na nemi ɗalibansu, na yi musu tambayoyin Kawu da harshen jami'a: na'urar tana aiki kuwa, ɗalibi ne ke taɓa ta ko ma'aikaci kaɗai, shekara nawa ake yi kafin a gama, kuma ina waɗanda suka gama suke? Wani ya gaya mini cewa ya yi wata shida bai zauna da malaminsa ba, na kuwa soke sunan, duk da cewa shi ne na babbar jami'ar.

Sauran aikin na takardu ne, kuma lokaci yake so. Wasiƙun shaida uku ake nema, gara kuma ka roƙi malamin da ya gan ka tsaye a teburin gwaji, wata biyu kafin wa'adi, da ka bi mai babban muƙami wanda bai riƙe fuskarka ba. Jami'o'i da dama suna ɗauke wa ɗan Ghana jarrabawar Turanci idan ya tambaya. Watannin da na ɓata ina haddace kalmomin GRE kuwa, wato jarrabawar neman shiga karatun gaba da digiri na farko a Amurka, sun tafi a banza, domin sassa da yawa sun daina nemanta, ɓangarenta na sinadarai ma an dakatar da shi bayan Afrilun 2023.

Gurbi biyu na samu, na zaɓi na wata ƙaramar jami'a a Jamus, wurin farfesar da ta daɗe tana aiki a kan zaiba a laka. Da na kai wa Kawu labari, ya maimaita tambayoyinsa uku, na amsa su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "To, Allah ya sa albarka," ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa. Umarnin farko da farfesar ta aiko shi ne in ɗebo laka daga Offin kafin in taso, a cikin kwalaben da aka wanke da asid, in daskarar da ita a ranar. Na iso gida da dare bayan an rufe ɗakin gwaje-gwaje, dole kwalaben suka kwana a firjin mahaifiyata, bisa sharaɗin in naɗe su a leda uku, in nisanta su da zobon da take sayarwa, in kuma kwashe su da asuba.