Giyar Mota da Lodi a Hawan Kibo

Sana'ata ita ce ɗaukar dankalin turawa daga kasuwannin Bokkos da Mangu zuwa Abuja, kuma duk wanda yake bin wannan hanya ta Jos zuwa Akwanga ya san cewa Hawan Kibo ne yake tona asirin mota. A nan na fahimci cewa ƙarfin inji shi kaɗai ba ya kai kaya gida, domin duk abin da injin ya samar sai ya ratsa ta kuloci da giyabos da aksul kafin ya isa ga taya, kuma idan ɗaya daga cikinsu ya gaza, ƙarfin a hanya yake zubewa.

Matsalar ta fara bayyana ne a wata dawowa da na yi da lodin takin zamani. Ina cikin hawa a giya lamba uku, na taka totur, injin ya ɗaga murya, allurar juyin inji ta haura, amma gudun motar bai ƙaru ba, sai wani ƙauri da ya cika gaban mota. Bakanikena bai taɓa injin ba sam. Ya ce faifan kuloci ne ya cinye har ya daina kama fulaiwil, wato faifan ƙarfen da inji yake juyawa, kuma da aka sauke giyabos na ga faifan ya yi sumul, gefensa ya ƙone. Ya bayyana mini cewa ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, da riƙe mota da rabin kuloci a kan tudu maimakon a ja birkin hannu, su ne suke gaggauta wannan lalacewa.

A garejin ne na zauna na koyi lissafin giya, wanda a ganina ya kamata kowane direba ya sani kafin a ba shi lasisi. A irin motata, idan tana lamba ɗaya, injin yana juyawa kusan sau 3.5 kafin sandar da ke fita daga giyabos ta juya sau 1, sannan aksul ya sake rage juyin kusan sau 4, wato injin ya juya sau 14 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Shi ya sa lamba ɗaya take da ƙarfin tayar da lodi amma ba ta da gudu. A lamba huɗu juyin inji da na sandar giyabos yana zama 1 da 1, a lamba biyar kuwa ya sauka zuwa kusan 0.8, saboda haka injin yana samun sauƙi a miƙaƙƙiyar hanya, mai ya yi auki, amma ƙarfin ja ya ragu ƙwarai. Direban da ya nace wa babbar lamba a kan tudu har mota ta fara kakkarwa yana wahalar da injin ne kawai, ba tattalin mai yake yi ba. Wannan lissafi ya shafi taya ma, domin sa tayar da ta fi ta asali girma tana rage wa mota ƙarfin hawa, kuma tana sa allurar gudu ta nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi.

Bayan an sa sabon kuloci, sai lamba biyu ta ci gaba da gurzawa duk lokacin da na sauko daga uku. Bakaniken ya nuna mini yadda ake rarrabewa: idan mota tana tsaye aka taka kuloci, ribas da lamba ɗaya suka ƙi shiga ko suka yi ƙara, to kulocin ne ba ya saki gaba ɗaya, sau da yawa saboda iska ta shiga bututun mansa. Idan kuwa lamba guda ce kaɗai take gurzawa ana cikin tafiya, to zoben tagullar da ke daidaita juyin haƙoran giya ne ya cinye. Nawa zoben ne, aka canja shi, aka zuba man giya mai lambar GL-4 kamar yadda littafin motar ya tanada. Abin yana damuna yadda masu mota suke canja baƙin mai a kan kari, amma man giya sai ya yi shekara da shekaru ba wanda ya duba shi.

Saukowa ce ta fi ba ni tsoro, kuma a kanta nake yawan jayayya da abokan sana'a. Wasu suna sa mota a firi a gangaren Hawan Kibo da sunan tattalin mai, alhali hakan yana ɗora nauyin motar da lodinta duka a kan birki, wanda idan ya yi zafi sosai sai ya daina kamawa. A motocin da kwamfuta ke sarrafa mai, idan mota tana cikin giya aka ɗage ƙafa daga totur, man yankewa yake yi, don haka firi ba ta da wata riba. Ni tun kafin gangaren ya fara nake komawa lamba uku, idan lodi ya yi nauyi in koma biyu, in bar injin ya riƙe motar, birki kuma in riƙa taɓa shi jefi-jefi. Mai mota otomatik ma yana da wannan dama idan ya mayar da sandar giya kan 2 ko L, kuma yaran da suke koyon tuƙi a hannuna ba na ba su sitiyari a wannan hanya sai na tabbatar sun iya sauko da lamba ba tare da motar ta fizge ba.