Akwatin gwajin da muke haɗa wa makarantu

Sana'ata ita ce haɗa kayan gwajin kimiyya ina sayar wa makarantun firamare da ƙananan sakandare a Kano. Akwatin da ya fi tafiya a shagona shi ne na darasin yanaye-yanayen abu uku: daskararre, mai ruwa-ruwa, da iska.

Kayan ciki ba na nesa ba ne. Kyandir, man kaɗe, balan-balan, sirinji marar allura, ɗan risho, butar ƙarfe da faranti, kusan duka a kasuwar Sabon Gari nake saye a sari. Ƙanƙara kuwa malami ne zai saya da safiyar ranar darasi, mu dai kula muke sa masa, don a zafin Afrilu ba ta kaiwa ƙarfe goma a leda.

Sirinjin nan ya fi komai aiki. Yaro ya zuƙi iska, ya toshe baki da yatsa, ya danna, sai ta matsu. Ya zuƙi ruwa ya danna, ko motsi. Daga nan idan malami ya ce ƙwayoyin iska a warwatse suke, na ruwa kuma a cushe, hannun yaron ya riga ya shaida. Haka idan buta ta tafasa aka tare tururin da faranti mai sanyi, ruwa ya dawo yana ɗiga, aji kan ɗauki sowa. Kafur, wanda ke zama iska ba tare da ya narke ba, a kwalba muke rufe shi, domin guba ne kuma yara kan ɗauka alewa ce.

Inda muke shan tambaya shi ne ma'aunin zafi. Malami ya kira ya ce, "Alhaji, naka ya lalace, littafi ya ce 100, shi kuma ya tsaya a 98." Lafiyarsa ƙalau. Tafasar ruwa a digiri 100 ta bakin teku ce. Kano tana kan tudun da ya kusa mita 500, nauyin iska ya ragu, sai ruwa ya tafasa da wuri. A Jos ma wajen 96 ne. Yanzu muna rubuta wannan a takardar bayani, kuma ina roƙon malamai su faɗa wa ɗalibai abin da suka gani, kada su gyara lamba don ta dace da littafi. Ma'auni mai ruwa ja a ciki muke sawa, ba mai zaiba ba, saboda in ya fashe babu haɗari sosai.

Bana mun ƙara ƙananan tukwane biyu da yashi, irin tukunya cikin tukunya da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana jiƙa yashin da ke tsakanin tukwanen, ruwan yana ƙafewa, cikin tukunya yana sanyi. Maginan tukwane ke yi mana su, kuma sai mun naɗe da ciyawa kafin a ɗora a a-daidaita-sahu.