Rawar silo a Golf GTI

Idan injin Golf GTI mai turbo ya fara karkarwa a tsaye, allurar da ke nuna juyin injin tana hawa da sauka maimakon ta zauna kusa da juyi 750 a minti, makanikai da yawa sukan garzaya su canja fulogi da kwayil. A ganina wannan gaggawa ce, domin a EA888, wato nau'in injin da ke cikin yawancin waɗannan motoci, abin da na fi zargi shi ne bawul ɗin PCV, mai mayar da tururin da ke taruwa a cikin injin zuwa hanyar shigar iska, wanda robar cikinsa ke yagewa har iskar da kwamfutar motar ba ta lissafa ba ta riƙa shiga, fetur ya yi mata kaɗan. Na'urar gwaji takan nuna lambar matsala P0171 (fetur ya yi wa iska kaɗan) ko P0507 (silo ya yi sama). Gwajinsa ba wuya: a buɗe murfin baƙin mai injin yana aiki, idan ya ƙi ɗaguwa saboda tsananin zuƙa, ko aka ji fito, to bawul ɗin ya mutu.

Idan lafiyarsa ƙalau, sai a duba tiyo-tiyon iska. Daga nan sai bawulolin shigar iska, waɗanda baƙin dauɗa ke taruwa a bayansu saboda nozul yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ba ya wanke su. Maganin da ake zubawa a tanki ba ya kaiwa can, dole a kwance a kankare.