Adis Ababa: Zagayen Birnin da Afirka Ke Zaman Shawara

Duk shekara a cikin watan Fabrairu shugabannin ƙasashen Afirka kan hallara a Adis Ababa, babban birnin Habasha, a toshe hanyoyi, otal-otal su cika maƙil, mu kuma a gida mu ji a rediyo cewa an cimma matsaya kan abu kaza. Na daɗe ina son in ga wurin da ake cimma waɗannan matsayoyi, in kuma fahimci dalilin da ya sa kaɗan daga cikinsu ne ke zama aiki. Damar ta samu ne a cikin wani ƙaramin ayari na malaman jami'a da 'yan jarida da tsofaffin ma'aikatan gwamnati, wanda aka shirya musamman don nazarin tarihin birnin da siyasarsa. Tun kafin mu tashi aka karɓi kwafin fasfo ɗinmu aka aika wa jami'an tsaro, domin hedikwatar Tarayyar Afirka da harabar Majalisar Ɗinkin Duniya wurare ne da ba a shiga sai da sunan mutum a takarda. Jagoranmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jakadanci, kowa a ayarin yana kiransa Ambasada.

Daga kan dutsen Entoto ya fara da mu, inda Sarki Menelik na Biyu ya zauna kafin matarsa Taytu ta ja shi gangare zuwa wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi a 1886. Birnin kansa yana sama da mita 2,300 daga teku, Entoto kuma ya fi shi tudu, saboda haka mutumin da ya saba da Kano ko Zinder zai ji numfashinsa yana sarƙewa da 'yan takun farko. Gangaren dutsen cike yake da itacen turare da aka shigo da shi daga Ostareliya a zamanin Menelik, kuma har yau za ka ga mata suna saukowa da manyan dammunan itace a bayansu. Ba don wannan itace ba, da ƙarancin makamashi ya tilasta an tayar da birnin, kamar yadda sarakunan Habasha suka saba yin ƙaura idan daji ya ƙare.

Martabar birnin a idon duniya daga yaƙin Adwa ta samo asali, kuma a sabon gidan tarihin da aka buɗe a unguwar Piassa a 2024 aka baje mana labarin. A yarjejeniyar Wuchale ta 1889, kwafin Amharanci ya ce Menelik yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen Turai idan ya so, kwafin Italiyanci kuwa ya ce wajibi ne, wato Habasha ta koma ƙarƙashin kariyar Italiya ke nan. Menelik ya yi watsi da yarjejeniyar, ya tara mayaƙa kusan 100,000, ya murƙushe rundunar Italiya a ranar 1 ga Maris 1896. Abin da Ambasada ya fi jaddadawa shi ne abin da ya biyo baya: Italiya ta amince da 'yancin Habasha a rubuce, sannan Faransa da Ingila da Rasha suka turo wakilai, aka ba su manyan filaye a gindin tsaunuka, inda ofisoshin jakadancinsu suke har yanzu. A daidai shekarun da Turawa ke cin Kano da Sakkwato da yaƙi, a nan jakadu suke turowa.

Darasi na biyu mai ɗaci ne. Italiya ta dawo a 1935 da jiragen sama da iska mai guba, Sarki Haile Selassie ya je Geneva a watan Yunin 1936 ya roƙi ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta cika alkawarin kare mambobinta, ta saurare shi, ta kuma ɗage takunkumin da ta sa wa Italiya. A dandalin Sidist Kilo akwai doguwar hasumiyar tunawa da dubban mutanen birnin da aka kashe a Fabrairun 1937 bayan yunƙurin hallaka gwamnan da Italiya ta naɗa a ƙasar, Graziani. Sarkin da ya dawo gida a 1941 ya riga ya san cewa ƙasa mara ƙarfi tana bukatar abokai na kusa da ita, kuma daga nan ya fara neman Afirka.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne Zauren Afirka, ginin da Haile Selassie ya buɗe a 1961 a harabar hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2024. Da shigarka za ka ci karo da katafaren zanen gilashi mai launuka na Afewerk Tekle, hasken rana yana ratsa shi yana zuba ja da shuɗi a kan matakala. Zauren taron kuwa bai kai girman da na zata ba. Kujerun sun yi zobe, suna kusa da juna ainun, ta yadda shugaban da ya yi tsaki maƙwabcinsa zai ji.

A nan ne a watan Mayun 1963 aka yi muhawarar da har yau ba a gama ba. Ƙasashen da suka sami 'yanci sun rabu gida biyu: ɓangaren Kasablanka, mai Ghana da Gini da Mali da Masar da Maroko, da ɓangaren Monrobiya, mai Nijeriya da Laberiya da Nijar da akasarin ƙasashen da Faransa ta raina. Kwame Nkrumah ya zo da bukatar gwamnati ɗaya ta nahiya, da kuɗi ɗaya, da rundunar soja ɗaya, kuma a take, yana gargaɗin cewa idan aka jinkirta kowane shugaba zai saba da kujerarsa ya ƙi sakinta. Sir Abubakar Tafawa Balewa ya tsaya kan cewa dole a mutunta 'yancin kowace ƙasa, babba ko ƙarama, a fara da haɗin kan ciniki da sufuri da ilimi, siyasa ta biyo baya. Habasha ta sanya kanta a tsakiya, ministan harkokin wajenta Ketema Yifru ya yi ta zirga-zirga a manyan biranen nahiyar har kowa ya yarda ya zo, sannan ta gabatar da daftarin da ya fi kusa da ra'ayin Monrobiya. A ranar 25 ga Mayu aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka mai mambobi 32, bisa ƙa'idar rashin tsoma baki a harkokin cikin gidan juna, a shekara ta gaba kuma a Alƙahira aka amince a bar iyakokin da Turawa suka shata yadda suke.

Wata Hajiya, malamar tarihi daga Yamai, ta tambayi Ambasada ko yana ganin an yi kuskure da aka ƙi bin Nkrumah. Ya ce mata da an bi shi, da rabin shugabannin sun tashi daga zauren a ranar. Ina ganin yana da gaskiya, domin ƙungiyar da Nkrumah ya so ba za ta haifu ba, amma wadda aka haifa ta zo da naƙasar da ya hango. Yarjejeniyar kafa ƙungiyar ta yi tir da kisan gillar siyasa, saboda watanni huɗu kafin taron aka kashe Sylvanus Olympio na Togo, duk da haka an kashe Balewa a Janairun 1966, an hamɓarar da Nkrumah wata guda bayan haka, Diori Hamani da Haile Selassie kuma duk sojoji suka kawar da su a 1974.

Ƙa'idar mutunta iyakoki ta yi wa Nijeriya rana a lokacin yaƙin basasa, domin kwamitin da Haile Selassie ya jagoranta ya zaunar da ɓangarorin biyu a Yamai da Adis Ababa a 1968, kuma ko da yake zaman bai tsayar da yaƙin ba, ƙungiyar ta ƙi amincewa da ɓallewar Biyafara, ƙasashen Afirka huɗu kawai suka yi gaban kansu. A birnin nan ne kuma Janar Murtala Muhammed ya tsaya a Janairun 1976, a taron gaggawa kan Angola, ya yi fatali da wasiƙar matsin lamba da shugaban Amurka Gerald Ford ya aika wa shugabannin nahiyar, ya ce Afirka ta kai munzalin da ba za a yi mata dole ba. Taron ya tashi kunnen doki, ƙasashe 22 a kowane ɓangare, amma cikin Fabrairu ƙungiyar ta karɓi gwamnatin MPLA, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke takaddama kan mulkin Angola, kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala a Legas.

Ɗayar fuskar ƙa'idojin ƙungiyar, wato rashin tsoma baki, mun gan ta a gidan tunawa da waɗanda gwamnatin soja ta Mengistu ta kashe, kusa da dandalin Meskel, inda bango ya cika da ƙananan hotunan matasa, yawancinsu ɗalibai, ga kuma ƙasusuwan da aka tono daga kaburburan bai-ɗaya a cikin akwatunan gilashi. Tsohuwar hedikwatar ƙungiyar tana maƙwabtaka da kurkukun Alem Bekagn, inda aka harbe manyan jami'an sarki kimanin 60 a dare ɗaya a Nuwamban 1974, kuma aka ci gaba da tsare mutane da kashe su shekara da shekaru. Ƙungiyar ba ta ce uffan ba, tunda harkar cikin gida ce.

A kan filin wannan kurkuku aka gina sabuwar hedikwatar Tarayyar Afirka, doguwar hasumiya mai kusan mita 100 da babban zauren taro, kyautar ƙasar Sin ta dala miliyan 200 da aka buɗe a Janairun 2012. Gunkin Nkrumah yana tsaye a harabar, na Haile Selassie ya biyo baya a 2019. Tarayyar da ta gaji tsohuwar ƙungiya a 2002 ta sauya doka: tana da ikon shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, tana kuma dakatar da ƙasar da aka yi juyin mulki, kamar yadda aka yi wa Nijar a Agustan 2023. Sai dai dakatarwa ba ta mayar da soja bariki, kuma kaso mai yawa na kuɗin ayyukan Tarayyar daga Turai da sauran masu tallafi yake fitowa, duk da shawarar da aka yanke a Kigali a 2016 ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wata jami'a da ta yi mana bayani a wani ƙaramin ɗakin taro ta ce kafin shugabanni su sauka a filin jirgi an riga an gama yawancin aikin, domin jakadun ƙasashe da ke zaune a birnin su ne ke tace daftari layi-layi, ministoci su duba, shugabanni su sa albarka, abin da ya gagara kuma a warware shi a falon otal da tsakar dare ko a ɗage shi zuwa baɗi. Da wani ɗan jarida a cikinmu ya tambaye ta game da yaƙin Tigray, wanda aka yi a arewacin Habasha, ƙasar da ke karɓar baƙuncin Tarayyar, sai ta tuna mana cewa Cif Olusegun Obasanjo ne manzon Tarayyar da ya jagoranci sulhun, kuma shekara biyu aka shafe ana yaƙin kafin a sa hannu a ranar 2 ga Nuwamba 2022. A Pretoria aka sa hannun, domin ɓangaren Tigray ba zai zo ya zauna a Adis Ababa ba.