Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zamana a Gindin Kinnekulle

Makon jiya na tsaya inda ɗaki ya gagare ni a garin Skara na ƙasar Sweden. Wani malaminmu na sashen dabbobi ya haɗa ni da wata tsohuwa a Hällekis, ƙauyen da ke gindin dutsen Kinnekulle, bakin tafkin Vänern. Can na tare, kullum ina bin bas ta Götene zuwa makaranta.

Dutsen shimfiɗaɗɗe ne, hawa-hawa. Ƙololuwarsa mita 306, amma a gadon bayansa gonaki ne da shanu da ƙauyuka: Medelplana, Västerplana, ga Husaby can ƙasa, inda suke cewa aka yi wa sarkinsu Olof Skötkonung baftisma. Kamfanin siminti ya daɗe yana cin gefen dutsen kafin a rufe shi, ya bar makeken rami. A ramin nan mijin tsohuwar ya ƙarar da ƙarfinsa. In watan Mayu ya kama, dajin Munkängarna sai ya cika da wani ganye mai farin fure, warin tafarnuwa har cikin riga.

Ni dai katangun duwatsun da suka raba gonakin ne suka tsaya min a rai. Tsohuwar ta nuna min wata, gansakuka ta lulluɓe ta, ta ce bayanta na ɗanta ne. Yana Göteborg, sai hutu yake leƙowa, amma ba wanda ya ɗaga dutse ɗaya.

Cikin wannan daminar Yaya ya kira ni.

"Ƙanena, sai haƙuri. Baffa ya sayar da fadamar Malam."

"Yaya, da izinin wa?"

"Cewa ya yi kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Maganar da Baffa ya gaya min ke nan a zaure ranar da na je sallama, kowa na dariya, har da ni. Ashe shela yake yi. Ranar sunan Abba, shekaru bayan na dawo, ya sake maimaita ta, bakinsa cike da goro, gaban surukaina. Inna ta dafa ƙafata, shi ya sa na haɗiye.

Gida ya bar ni? Kuɗin rufin ɗakin Goggo daga ina suka fito? Daga kwasar kashin shanu a Medelplana, ina azumi, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare. 'Ya'yan Baffa suna karanta wannan shafin, na sani. Su tambaye shi nawa ya karɓa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen zuwanmu gaban alƙali.