Takobina bai bar kube ba

Daren jiya mun koma buga Dungeons & Dragons na 3.5, bugun 2003 (wasan tebur ne da kowa ke zama wani jarumi a cikin labari, ana jefa dayis don sanin sakamako), kuma wallahi raina ya sosu. Ni ne mayaƙi. Ina shirin saran dodo, sai abokina da ke buga matsafi ya jefa sihiri ɗaya, faɗa ya ƙare. Dayis ɗina na tafin hannu har ya jiƙe da gumi, ban jefa ba.

Bugun 2008 ya daidaita kowa, amma matsafi da mayaƙi suka zama kamar an tsaga kara, armashi ya ragu. Na 2014 ya fi kwanta mini a rai: sihirin da ke buƙatar tattara hankali, ɗaya tak ake riƙewa a lokaci guda, kuma sara ɗaya da aka kai wa matsafin na iya wargaza sihirin. A nan dole abokina ya nemi garkuwata a gabansa.