Ɗanwake a gidan suna

Yau a gidan suna wata dattijuwa ta miƙa wa ɗan ƙanwata ɗanwake, uwar ta yi wuf ta riƙe hannunsa: "Gwaggo, da fulawa a ciki?" Gwaggo ta ɓata rai, wai loma ɗaya ce, 'ya'yan zamani sun cika tsirfa.

Ni kuwa na taɓa ganin abin da alkama ke yi masa. Cikin mintuna jiki ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi da ƙyar, sai a asibiti aka yi masa allurar adiranalin, wadda ake yi cikin gaggawa idan jiki ya yi irin wannan bore. Burodi, taliya, alkaki, funkaso, kowa ya san da alkama a cikinsu. Ɗanwake ne mai yaudara, don da yawa yanzu suna haɗa fulawa a kwaɓin. Tunanina yana kan ranar da zai shiga makaranta, babu uwarsa kusa.